Babbaƙu da Farfaru a Tsakar Gida: Yadda Na Koya wa 'Yata Karatu da Sauti

Ranar da na gane 'yata ba ta iya karatu ba, littafi ne buɗe a cinyarta, bakinta kuwa yana zuba kamar an kunce famfo. Cikin Afrilun 2020 ne, lokacin kullen korona. An rufe makarantu tun watan Maris, titunan Kano sun yi tsit, ga zafin bazara, ga azumi ya kawo kai. Na shimfiɗa tabarma a inuwar baranda, na ce ta ɗauko littafinta na makaranta ta karanta mini. Ta sauke shafi guda ba tuntuɓe. Har na fara yi mata kirari, sai na lura idonta ba ya kan rubutun, yana kan hoton akuyar da ke saman shafin. Na sa tafin hannuna na rufe hoton, na ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar layi.

"Mamana, wannan fa?"

Ta dubi kalmar, ta dube ni, sannan ta koma farkon shafin ta soma rerowa daga sama har ta iso inda yatsana yake. Na ɗauki biro na rubuta "tasa" a bayan kwalin ashana, na miƙa mata. Ta yi shiru. Idonta ya ciko da hawaye.

Shekarunta bakwai a lokacin, tana aji biyu na firamare, bayan ta yi shekara biyu a nazare. 'Yar fari ce, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Mamana. Takardar sakamakonta ba ta taɓa ɓata mana rai ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba, don na san yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Kaifin ƙwaƙwalwarta ne ma ya rufe matsalar: malami ya karanta sau biyu, ta haddace, ta maimaita, aka ba ta maki. Ban ga laifin malamin ba, mutum ɗaya a gaban yara fiye da hamsin. Hadda baiwa ce, kuma mun san darajarta. Amma mai hadda abin da aka biya masa kaɗai yake da shi, mai karatu kuwa duk takardar da ta faɗo hannunsa tasa ce.

Daga baya na ga ƙiyasin da Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF suka fitar a 2022, cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa. Da yawansu suna aji kullum, da kayan makaranta da jaka, kamar yadda tawa take.

Ina farfarun?

Washegari na kafa mata darasi, ban ma san ta inda zan fara ba. Na sa ta rera waƙar haruffan Turanci, ta rera tsaf. Na nuna haruffa ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi sunayensu. Na haɗa t da a, na ce ta karanta, ta ce "ti, e." Nan muka cije. Surukata, Hajiya, tana gefe tana jan carbi. Ba ta yi boko ba, amma ta sauke Alƙur'ani tun kafin a yi mata aure. Ta ɗago kai ta ce, "'Yar nan, kin ba ta babbaƙu kin ce ta tashi karatu. Ina farfarun?"

Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san abin da take nufi. A makarantar allo, bayan yaro ya ɗan haddace ƙananan surori da ka, sai a dawo da shi babbaƙu, ya san kowane baƙi da sunansa: alu, ambaki, wau, zal. Daga nan farfaru, inda ake ɗora wa baƙi wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri, yaro ya ji yadda kowanne ke juya muryar baƙin. Sai tattashiya, inda yake haɗawa da kansa, kalma ta tashi a bakinsa. Malaman zaure ba su taɓa ɗaukar sanin sunan baƙi a matsayin karatu ba. Mataki ne, akwai biyu a gabansa.

Abin da Turawa ke kira foniks, ni kuma nake ce masa hanyar sauti, ɗan'uwan wannan tsari ne. Rubutu magana ce da aka ɗaure a takarda. Kowane harafi alama ce ta wani sauti da baki ke fitarwa. In yaro ya san sautin kowace alama, ya kuma iya jan sautukan daga hagu zuwa dama har su manne, ya iya karatu. In ya iya juya aikin, ya ji kalma ya warware ta sauti-sauti ya ba kowanne alamarsa, ya iya rubutu. Bambancinta da babbaƙu shi ne, a nan sauti ake sa wa gaba, suna ya biyo baya.

Turawa sun daɗe suna gardama a kan wannan. A tsakiyar ƙarni na 20, yawancin makarantun Amurka suna nuna wa yaro kalma ɗungurungum ne ya riƙe siffarta, hoto ya taimaka masa ya cinka. A 1955 wani marubuci, Rudolf Flesch, ya fitar da littafin da ya tayar da ƙura, yana cewa wannan hanya ce ta sa yara ba sa iya karatu. A 1967 Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta tattara binciken shekaru masu yawa, ta ga koyar da sauti tun farko ya fi amfani. A 2000 kwamitin ƙasa da majalisar dokokin Amurka ta sa a kafa ya sake tabbatar da haka. A yankin Clackmannanshire na Sikotland, Rhona Johnston da Joyce Watson sun bi yara kimanin 300 har shekara bakwai, suka ga waɗanda aka fara wa da haɗa sauti sun gama firamare suna karanta kalmomi kamar yaran da suka girme su da shekara uku da rabi. Ingila ta rungumi tsarin bayan rahoton Jim Rose na 2006. Wato abin da Hajiya ta faɗa mini a kan tabarma, sai da masu bincike suka yi rabin ƙarni kafin su daidaita a kansa.

Me ya sa na fara da Hausa

Babansu ya so mu fara da Turanci, tunda da shi ake jarrabawa. Na roƙe shi ya ba ni wata uku da Hausa. Hujjata ita ce, yaron da ke koyon karatu a harshen da ba ya ji kaya biyu yake ɗauka a kai ɗaya: yana faman haɗa sauti, in ya haɗa kuma bai san abin da ya faɗa ba, don haka bai san ko ya yi daidai ba. In kuwa ya haɗa n, a, m, a ya ji "nama" ya fito, kunnensa ne zai ba shi maki nan take.

Ga shi kuma rubutun boko na Hausa mai gaskiya ne. Tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya wallafa a 1912, zuwa gyare-gyaren da aka yi a Zariya a shekarun 1930, an gina shi ne a kan harafi ɗaya sauti ɗaya. Wasula biyar ne, kuma a ko'ina ka ga a, a ɗin za ka faɗa. Gaɓoɓinmu iri uku ne kacal: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kimanin 44. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003, wanda ya kwatanta harsunan Turai 13, ya nuna cewa yaran da rubutun harshensu ke tafiya daidai da furuci, irin na Finland da Girka da Italiya, yawanci kafin shekarar farko ta ƙare sun iya karatu, yaran Turanci kuwa sai sun ninka wannan lokaci fiye da sau biyu. Hausa tana cikin sahun masu sauƙin. A nan gida ma Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ile-Ife daga 1970, aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, kuma Turancinsu bai koma baya ba. Da wannan na shawo kan babansu.

Marafan lemo da tiren yashi

Kayan aikina ba su ci mini ko kwabo ba. Marafan kwalaben lemo na tara, na manna wa kowanne 'yar takarda na rubuta harafi, wasula da jan biro, baƙaƙe da shuɗi. Sai tsohon tire da na zuba wa yashi, da gawayi, da ɗan wake a gwangwani.

Makon farko ban nuna mata harafi ko ɗaya ba. Wasan kunne muka yi. Ina tankaɗe, sai in ce, "Mamana, wane sauti kika ji a farkon rariya?" Muna tafa hannu muna ƙirga gaɓa: ta-bar-ma uku, tsin-tsi-ya uku, ru-wa biyu. In na ja kalma a hankali, "sss-aaa-mmm-aaa," ita za ta cafke ta ce "sama." In na ba ta kalma, sai ta ajiye ƙwayar wake ɗaya a kan kowane sauti. Wannan mataki shi iyaye suka fi tsallakewa, alhali shi ne tushe. Yaron da kunnensa bai rarrabe sautuka a cikin kalma ba, harafi zane ne kawai a wurinsa. Kuma uwar da ba ta yi boko ba za ta iya wannan wasa da ɗanta tana tuƙa tuwo.

Mako na biyu na fito da marafai huɗu kacal: a, m, n, s. Ban bi jerin abacada ba, da gangan. Na zaɓi m da n da s ne saboda ana iya jan su ba tare da an yanke numfashi ba, yaro ya zame daga baƙi zuwa wasali: mmmaaa. Da waɗannan huɗu kaɗai muka gina mama, nama, sama, masa, nasa, mana. Ran da ta haɗa "masa" da kanta, sai ta ɗago da sauri ta ce, "Umma, masa irin ta ci?" Na ce ita. Ta kwashe da dariya ta ruga ta gaya wa Hajiya. Kwana biyu-biyu nake ƙara harafi. Da t da k suka shigo, na rubuta mata jimlar farko: "Kaka ta sa nama a tasa." Kalmar da ta sa ta kuka a kan kwalin ashana tana ciki, ta wuce ta ba ta ko tsaya ba.

Akwai tarko biyu da na faɗa, ina so in nuna wa iyaye su. Na farko, mu Hausawa mun saba kiran baƙi da wasalin a a maƙale: ba, ca, da. In ka koya wa yaro cewa harafin b shi ne "ba," ran da ya ga b da i zai ce "ba-i." Dole na koya wa bakina yanke sautin, in rufe leɓe in saki b kawai. Na biyu, rera ba, be, bi, bo, bu a jere. Yana da daɗi, amma yaro mai hadda zai riƙe jerin ya bar kallon takarda. Sai na riƙa hargitsa su: bu, ba, bo, ko in canza baƙin in bar wasalin. Har da kalmomin da babu su nake ƙirƙira mata, irin su "lumo" da "tazu," don abin da ba a taɓa ji ba, ba a cinkarsa. A Ingila tun 2012 ake yi wa 'yan shekara shida gwaji na kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne, saboda wannan dalili. Shekarar farko kashi 58 cikin ɗari suka kai makin da ake so, zuwa 2019 sun kai kashi 82.

Sunayen haruffan Turanci ma sun ba mu aiki. Harafin a Turawa suna kiransa "e," harafin e suna kiransa "i," harafin i kuma "ai." In na ce ta rubuta i, sai ta rubuta e. Na ce mata kowane harafi kamar dabba yake, yana da suna yana da kuka. Sunan akuya daban, kukanta daban, kuma a karatu kukan muke so. Daga ranar ta daina ruɗewa.

Ƙugiya, goyo da shifta

Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, na bar su sai da 'yan'uwansu suka zauna daram. An shigo da su rubutun Hausa a shekarun 1930, kafin nan da ɗigo ko ɗan waƙafi ake nuna su. Na koyar da su bibbiyu, don kunne ya ji abin da ƙugiya ke yi: kafa da ƙafa, kara da ƙara, daga da ɗaga, baki da baƙi. Ina sa ta taɓa maƙogwaronta ta ji yadda ƙ ke fita da ɗan tsinkewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma yau saƙonnin waya sun koya wa manya ma raina ƙugiya.

Bayansu baƙaƙe masu goyo: sh, ts, kw, gw, ƙw, ky, gy, ƙy, da 'y, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa da ƙugiya a kansa. Waɗannan a marfi ɗaya na rubuta kowanne, don ta gan shi sauti guda. Sai wasula masu aure, ai da au. Sai ninkin baƙi, wanda baba da babba suka isa misali a kansa.

Ruɗa b da d ya ɗauke mu kusan wata guda. Tiren yashi ne ya raba gardama. Tana zanawa da yatsa tana faɗa: b, sanda sannan ƙwarya, d, ƙwarya sannan sanda. Da yake kuma da yamma tana karatun allo daga dama zuwa hagu, wani lokaci sai ta karanta "an" a matsayin "na." Na riƙa sa jan ɗigo a gefen hagu na kowane layi, nan ne tasha, daga nan mota ke tashi.

Kullum muna rufe darasi da shifta: kalma biyar, jimla ɗaya. Karatu da rubutu tagwaye ne, kada a raba su. In ta yi kuskure ba na jan jan biro a kai. Ina ce mata, "Karanta mini abin da kika rubuta." In ta rubuta "kofa" ta karanta da bakinta, kunnenta zai gaya mata ba ƙofa ba ce. A shifta ne kuma na shigo da ƙa'idojin raba kalma da haɗewa, ɗaya-ɗaya: "ne" da "ce" a ware suke, "za su" kalma biyu ce, "yana" da "gidansa" a haɗe.

Wuri ɗaya ne rubutunmu ba ya faɗin komai: ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na ido da kuka ta miya. A nan jimla ce ke yanke hukunci, kuma yaron da Hausa ce harshensa ba ya shan wahala, muddin an koya masa ya saurari abin da yake karantawa.

Ranar da na ɗaga murya

Ba kullum abin ke tafiya sumul ba. Wata rana a mako na shida, ga zafi, ga ɗinkin sallah na mutane ya taru a kan kekena, ta kasa haɗa "tsuntsu" sau huɗu. Na daka mata tsawa. Ta ƙame, ko sautin da ta sani jiya ya gudu. Kwana biyu in ta ga na ɗauko gwangwanin marafai sai ta ce cikinta na ciwo. Na yi nadama ƙwarai. Hajiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Da rarrafe yaro kan tashi. Ke uwa ce kafin ki zama malama, kada malamar ta cinye uwar."

Na ba yarinyar haƙuri, na kuma sauya tsari. Minti goma sha biyar da safe bayan karin kumallo, minti goma bayan la'asar, ko ana cikin daɗi in lokaci ya cika mun tashi. Kowane darasi da abin da ta riga ta iya ake buɗe shi, da abin da za ta iya ake rufe shi. In abu ya cije, mu koma baya taki ɗaya. Gajeren darasi na kullum ya fi dogon darasi na ranar Asabar. Wanda kuma ya yi watanni yana bin wannan hanya da haƙuri ɗansa bai motsa ba, ya kai shi a duba masa ido da kunne. Akwai kuma yaran da Allah ya halitta da wahalar rarrabe sautuka, abin da masana ke kira disleksiya. Ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Wannan hanyar dai suke buƙata, a hankali, da maimaici mai yawa, da taimakon wanda ya san aikin.

Tsallakawa zuwa Turanci

Cikin wata na huɗu tana karanta duk abin da aka rubuta da Hausa, a hankali amma ba cinke. Sannan muka juya ga Turanci, na kuma ga ribar haƙurin da muka yi. Babban aikin, wato sanin cewa harafi sauti ne kuma ana haɗa su, an riga an gama shi. Yawancin baƙaƙen ma kukansu ɗaya ne. Na bi jerin da tsarin Jolly Phonics ke farawa da shi, s, a, t, i, p, n, wanda malamai da yawa a makarantun Najeriya suka samu horo a kai, muka gina sat, pin, tap.

Wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe sanannu ne, sai na tare su tun da wuri. P da f a kunnenmu kusan ɗaya ne, don haka na riƙa sa ta riƙe 'yar takarda a gaban baki, ta rufe leɓe ta fasa iska a pan, ta ɗora haƙori a leɓe a fan. Haka v da b. Harafin c da ta sani a "ciki" ya koma k a cat. Kuma harshenmu ba ya son baƙi biyu a farkon gaɓa, shi ya sa muka ce burodi, muka ce fulawa. Ita ma sai ta ce "sitof" in ta ga stop. Muka riƙa jan s ɗin har ya faɗa kan t ba tare da wasali ya shiga tsakani ba.

Na gaya mata gaskiya cewa Turanci ba ya cika alkawari kamar Hausa. Haruffan ea kukansu daban a meat, daban a bread, daban a great. Akwai kuma kalmomi masu taurin kai irin su the, said, one da was, waɗanda muka rubuta a kwali muka liƙa a jikin firji, biyu a mako, muna duba wane ɓangare ne ya bi doka, wane ne ya saɓa. Turancin ya ɗauke mu fiye da shekara, kuma kowace sabuwar kalma sai na faɗa mata ma'anarta da Hausa.

Sauti ƙofa ce, ba ɗaki ba

Kada mai karatu ya ɗauka haɗa sauti shi ne ƙarshen zance. Yaran Clackmannanshire da suka yi nisa haka a karanta kalmomi, a fahimtar labari 'yan watanni kawai suka fi sa'o'insu. Tun 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan ƙafa biyu, iya furta abin da aka rubuta da sanin harshen kansa, in ɗaya ta karye ɗayar ba ta kai mutum ko'ina. Ƙafa ta biyu a hira ake gina ta. Da dare Hajiya na yi musu, ita da ƙanenta, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ni kuma ina karanta musu Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ina tsayawa in tambaya, "Me kike gani akun labarin zai yi yanzu?" Kalmomi irin su fada da waziri da fatake a nan ta fara jin su, kafin ta gamu da su a takarda.

Da aka buɗe makarantu a ƙarshen 2020, ni da babansu muka yanke shawarar ta ƙarasa shekarar karatun a gida, tana zuwa Islamiyya da yamma don ta samu ƙawaye. Abin yana da tsada, ko da ba ta kuɗi ba. Ɗinkina ya koma dare. Dangi sun yi magana. Lissafi da sauran darussa sai da na nemi taimakon ƙanwata. Ba zan ce wa kowa ya cire ɗansa daga makaranta ba, mu ma da shekarar ta zagayo mun mayar da ita. Abin da nake roƙon iyaye ƙarami ne: yau da dare ka rufe hoton littafin ɗanka da tafin hannu, ka nuna masa kalma a tsakiyar layi. In ya karanta, alhamdu lillahi. In ya yi shiru, minti goma sha biyar a rana da marafan lemo suna hannunka.

Ranar da za ta koma makaranta, muna cikin adaidaita sahu, ta manne fuska a gefe tana karanta duk allon da muka wuce, na mai walda, na mai kemis, na bayan tifa. Da muka tsaya a danja sai ta ja mayafina. Wani shago ne aka rubuta a bangonsa da fenti cewa ana sayar da "kankara." Ta ce, "Umma, sun manta ƙugiya biyu." Mai adaidaitan ya waiwayo ya dube ta, ya dubi bangon, ya ce, "Wallahi gaskiyarta, Hajiya."

Da yamma na dawo daga kai ɗinki na tarar da ita a baranda, ta zazzage gwangwanin marafai a kan tabarma, ƙanenta mai shekara huɗu yana zaune a gabanta ya tanƙwashe ƙafa. Ta ware guda huɗu ta tura sauran gefe. Hajiya na kallonsu, carbinta ya tsaya a hannu. Na ji yarinyar tana cewa, "Ba sunansa nake tambayarka ba. Yaya yake kuka?"